"Allurar barci" ba barci take sawa ba, ku taya ni neman sunanta

Jama'a, salamu alaikum. Ina shirya wani bayani na lafiya da za mu gabatar a rediyo nan Birnin Kebbi, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Abin da likitoci ke kira anastiziya, mu duka "allurar barci" muke ce masa. Ni kam tun bara sunan nan ya daina kwanta mini.

Ƙanena ne ya faɗi da babur a hanyar Jega, hannu ya karye, ƙashin ya goce. A asibitin da muka kai shi aka yi masa ketamin, aka haɗa da Valium, kafin a ja ƙashin. Ni aka sa na danne masa kafaɗa. Idonsa a buɗe, ƙwayar idon tana rawa gefe da gefe, yawu na dalala, da aka ja hannun har gurnani ya yi. Can da ya dawo hayyacinsa ya dube ni ya ce, "Yaya, wai yaushe za su fara?" Alhali an gama ɗorin har an naɗe hannun.

To wannan barci ne? Mai barci in ka mintsine shi zabura yake yi, in ya farka kuma ya san dare ya raba. Shi wannan an yanke masa lokacin ne aka haɗe bakin biyu.

Magungunan nan aiki fiye da ɗaya suke yi: su tare zafi, su gusar da hayyaci, su kuma hana ƙwaƙwalwa ajiye abin da ke faruwa. Na ƙarshen nan ne ba mu da sunansa ko kaɗan. Akwai wani ɗan sashe can cikin ƙwaƙwalwa, hifokamfus, shi ne magatakardan da ke shigar da sabon abu cikin kundi. Su Valium da midazolam da furofofol, farar allurar nan mai kama da madara, suna ƙara wa sinadarin GABA ƙarfi, wanda shi ne birkin ƙwaƙwalwa. Ketamin kuma toshe ƙofar NMDA yake yi, wadda ta nan jijiyoyi ke ƙulla sabon abin da aka koya. Abin mamakin, magatakardan nan yana ajiye alƙalami tun kafin mutum ya fita hayyacinsa. Sai ka ga mutum yana amsa tambaya, gobe ya rantse ba a yi ba.

Kada a ce bambancin na 'yan boko ne. A farkon shekarun 1900, a garin Furaibog na Jamus, an riƙa haɗa wa masu naƙuda morfin da sikofolamin, wajen 1914 abin ya bazu Amurka. Mata da yawa sun sha wuyar haihuwar, suna kururuwa har ana ɗaure su a gado, amma su farka su ga jariri ba su tuna komai ba. Zafin bai tafi ba, tunawar ce aka ɗauke. In duka muka kira "barci", yaya za mu bayyana wa mai sauraro wannan?

Ga abin da na kawo: babban sunan "kashe-ji", aikin na ukun kuma, wato hana ƙwaƙwalwa ajiye abin da ke faruwa, "maganin mantuwa". Bismillah.

Wani malamin makaranta daga Yauri: Kashe-ji ya yi daidai da asali. Kalmar anastiziya daga Girkanci take, ma'anarta rashin ji. Oliver Wendell Holmes ya ba da ita a 1846, bayan likitan haƙori William Morton ya shaƙa wa wani majinyaci maganin da ake kira "ether" a Boston ranar 16 ga Oktoba aka yi masa aiki. Su ma sai da suka yi neman suna kamar mu. Kuma "ji" namu ya fi nasu faɗi: jin zafi, jin magana, jin jiki.

Wata ungozoma daga Argungu: Malam, ka taɓa tsayawa bakin ɗakin tiyata da uwar yarinya? Ka ce mata za a yi ma ɗiyarta kashe-ji, wallahi "kashe" kaɗai za ta ji, ta ɗauke abinta su koma gida. Mu da ke wurin, kalmar ga ba mu son ta. Kuma wadda muka yi ma mata a gadon baya in za a fidda jariri, ai idonta biyu, tana jin kukan ɗanta, tana tuna komi. Rabin jiki na ƙasa ne kawai ke sagewa. Wagga ma "allurar barci" mutane ka ce mata.

Wani dattijo daga Gwandu: Mi ya hana ku ce banju? Larabawa banj suka cewa, mu ma mun taso mun ji shi bakin manya.

Ni mai tambayar: Baba, Allah shi ƙara girma. Banju na da tushe, sai dai na gwada shi kan samari biyar a majalisarmu, ɗaya ne ya taɓa jin sa, shi ma ya ɗauka abin da ɓarayi ke zuba wa mutum a abinci ne. Anti kuma kin kayar da ni, na janye "kashe". Me za ki ce da "ɗauke-ji"? Abin da aka ɗauke ana mayar da shi, kamar wutar lantarki. Sai mu ce ɗauke-ji na gaba ɗaya, na rabin jiki, da na wuri guda, irin wanda ake yi kafin a cire haƙori.

Ungozomar: Wanga ya yi. Amma "maganin mantuwa" hwa, ka sake shi. Mutanenmu za su zaci asiri na, irin wanda aka yi ma mutum ya mance gida.

Malamin Yauri: Kuma ma ba mantuwa ba ce. Sai ka riƙe abu kake mantawa da shi. Ƙanenka bai manta sunansa ko hanyar gida ba, abin da ya faru bayan allurar ne bai shiga ba. Tunda muna da hana-rantsuwa da hana-sallah, a ce "hana-riƙo".

Ni mai tambayar: Nan na tsaya. Ɗauke-ji da hana-riƙo, su zan faɗa a shirin, in masu bugo waya suka yi mini ca zan dawo in gaya muku. Na karanta wa ƙanen nawa duk abin da kuka rubuta, ya ce shi dai har yanzu bai yarda ya yi gurnani ba.

Dattijon Gwandu: Ni dai banju nika cewa.