Babur na hannu daga Jega: musayar baitoci

Manomi, Kalgo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana 6 ke nan da na sayo babur na hannu. Ga abin da na gani a ƙwar biyu, wanda ya san ƙarfe ya amsa mini.

Da sunan Allah za ni farawa,
Shi ke ba bawa abin hawa.

Na sai da shanshera buhu 12,
Na kama hanyar Jega, sai kasuwa.

Ga Boxer, ga Jincheng, ga Daylong,
Sun ja sahu a ƙarƙashin inuwa.

Sabo a kwali ya fi ƙarfina,
Tun 2023 kome ke hauhawa.

Dillali ya kai ni gun wani baƙi,
Fentin tankinsa ya soma koɗewa.

Giya huɗu, da ƙafa ake tada shi,
Kik ɗaya ya kama ba jinkirtawa.

Na taya, mai shi ya sallama,
Na miƙa la'ada ba ragewa.

Daga Jega har Kalgo ban tsaya ba,
Iska na sa babbar rigata rawa.

Shekara 7 ina jiran kabu-kabu,
Rana ta dake ni, ta bar wa ruwa.

Yau ga ni bisa nawa na kaina,
Inna ta dafa tanki tana godewa.

Amma da asubar kwana na biyu,
Hunturu ya sauko, hazo na rufewa,

Na yi kik goma, na yi ashirin,
Sai tari yake yi yana mutuwa.

Da ya tashi na ga hayaƙi a salansa,
Nan gabana ya shiga faɗuwa.

Cen na kacau-kacau a hanyar fadama,
Giya ta biyu tana zamewa.

Birkin baya kuka yake yi,
Fitila sai da totur take haskawa.

Inda ya kwana a cikin zaure,
Baƙin mai ɗigo uku, na ƙirga kuwa.

Maƙwabcina ya ce a buɗe inji,
Wai ringin fistin ne, babu makawa.

Ina son babur ɗin nan a raina,
Ku faɗa mini gaskiya ba ɓoyewa.

Ɗan kabu-kabu, Birnin Kebbi

Allah shi sanya alheri, Malam. Na bi amsa-amonka.

Barka da arziki, Malam manomi,
Allah shi tsare ka da faɗuwa.

Shekara 11 nake wanga aiki,
Badariya zuwa Gesse, kai da komowa.

Zancen asuba kar shi dame ka,
Ƙarfe na jin sanyi kamar kowa.

Ja cok ka yi kik, ka bar shi a silo,
Minti 2 ko 3 yana ɗumamawa.

Sa'an nan mai da cok mazauninsa,
In ka manta, mai zai ta ƙonewa.

Kuma man bumburutu ka rage shi,
Wani da datti, wani da ruwa.

Bakanike, Birnin Kebbi

Malam, zan sauya amsa-amo, ƙwar huɗu ta fi ɗaukar bayani.

Malam, tsaya, kar ka yi sauri,
Inji ba a buɗe shi da wuri,
Fara da abin da ba shi da tsauri,
Mai arha tukuna, ka gama da shi.

Hayaƙin nan wane launi ne?
In fari ne da safe, tururi ne,
Sanyin da ya kwana a salansa ne,
Ya ɗau zafi, ba ka sake ganin shi.

In baƙi ne, fetur ya yi yawa,
Iska ce ba ta samun shigowa,
Ƙurar hunturu ke toshewa,
Ciro soson iska ka wanke shi.

Da kananzir, ka bar shi ya bushe,
Ɗan baƙin mai ka shafa a ƙarshe,
Kafireta ma takan toshe,
In tanki na da tsatsa a ɗauraye shi.

Hayaƙi shuɗi-shuɗi ne abin tsoro,
Baƙin mai ke ci, daga nan ya faro,
Shaidarka fulogi, shi za ka ciro,
Ka kai shi haske ka dube shi.

In kansa ya yi launin ƙasa,
Injinka lau yake, je ka yi nisa,
In ko da maiƙo ya jiƙe bisa,
Sannan zancen ringi mu tada shi.

Cen a ja shi, a bar sassauci,
Yatsa 2, kar ya yi ƙunci,
Haƙoran sufuroket in sun ci,
Gaba da baya a canza tare da shi.

Giyar da take zamewa da kanta,
Wayar kuloci a fara saita ta,
Tsohon baƙin mai ma na ɓata ta,
Juye shi yau, lita 1 ta ishe shi.

Ɗigon da ka ƙirga cikin zaure,
Goge inji, ƙasa a share,
Sau tari noti ne ba a ɗaure,
Da safe ɗigon zai nuna maka shi.

Fitila kuwa ba ciwo ba ne. A yawancin ƙananan baburan nan wutarta daga koyil, wato naɗin wayar da ke samar da wuta a inji, take zuwa kai tsaye, tana bin ƙarfin inji.

Kawu, Argungu

Ɗana, baitinka na bakwai na yi wa tahamisi, don nan maganata take.

Ɗana, na bi waƙarka har na gama,
Na duba ƙasa, na duba sama,
Ban ji batun takarda ba, ko alama,
"Na taya, mai shi ya sallama,
Na miƙa la'ada ba ragewa."

Lambar inji na nan jikin ƙarfe,
Ta firam na wuyansa, ta gefe,
Ka haɗa su da rasit tun da safe,
In ka ga an kankare ko an shafe,
Ka koma Jega ba tsayawa.

Satar babur ta yi yawa a ƙasa,
Shingen jami'ai ba wurin wasa,
Wanda ya sayar a rubuta sunansa,
Shaidu 2, da lambar wayarsa,
Ita ce za ta zame maka garkuwa.

Yaya, Aliero

Ƙanena, kowa ya yi ta inji,
Ni birkin nan ke ba ni damuwa.

Garinmu an san shi da albasa,
An san shi da masu ɗori kuwa.

Ƙofar gidansu nake wucewa,
Ina ganin waɗanda ake kawowa.

Kar ka ɗau yara zuwa makaranta,
Sai birki ya yi shiru da kukawa.

Hular kwano ka saya don Allah,
Kai ba ƙafa ba ne da ake ɗorawa.

Manomi, Kalgo

Kwana 4 ina bin shawarwarinku ɗaya bayan ɗaya. Allah ya saka da alheri.

Kawu, na koma Jega da sassafe,
Lamba da rasit babu saɓawa.

Mai shi malamin firamare ne,
Jinyar gida ta sa shi sayarwa.

Ya sa hannu, ya shafa sitinsa,
Ya ce in riƙe shi da kulawa.

Yaya, an buɗe birkin baya,
Ƙura ce cike, ya kusa cinyewa.

An sa sabo, na sayi hula,
Yara sun hau yau suna dariya kowa.

Oga bakanike, soson iska da na ciro,
Kamar tubali don toshewa.

Fulogi baƙi ne amma busasshe,
Ba maiƙo, toka ce mai gogewa.

Man da anka juye kamar kwalta,
Giya ta daina zamewa.

Noti ya ɗauru, zaure ya bushe,
Ringi na nan ba a taɓa shi ba kuwa.

Jiya na kai taki buhu 2 fadama,
Kik 2 da cok, muka kama tafiyawa.

Saura 'yar ƙara siririya,
Cak-cak a kan inji, ba ta dainawa.

Bakanike, Birnin Kebbi

Malam, tafet shi ne ɗan ƙarfen da ke danna bawul a kan inji.

Ƙarar nan ta tafet ce, na gane ta,
Inji a sanyaye ake saita ta,
Kawo shi da yamma ya kwana ya huta,
Da safe kafin rana in duba shi.