Dogon yaron gidanmu ya karkata wajen ɗaki: yaya ake kayar da shi da injin zarto lafiya?

Ɗan Yauri:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a sana'ar yankan itace da inji. Wata biyu ke nan da na sayi injin zarto na hannu domin itacen girki da gyaran gonar mangwaron mahaifinmu, kuma duk abin da na yanka zuwa yau kwantattun itatuwa ne da suka riga suka faɗi. Yanzu Baba ya ce in kayar da wani tsohon dogon yaro da ke bayan ɗakin mahaifiyarmu kafin iskar farkon damina ta zo, domin saiwarsa ta fara tsaga katanga, kuma ya ɗan karkata wajen ɗakin. Tsawonsa zai kai mita 14, faɗin gindinsa daga gefe zuwa gefe kamar santimita 60, tsakaninsa da ɗakin kuwa bai wuce taku bakwai ba. Ɗaya gefen fili ne, babu komai sai turken awaki.

Abin da ya sa na tsaya tambaya shi ne, bara a wani ƙauye kusa da mu na ga wani mutum ya kama gindin bishiya da yanka daga gefe ɗaya har ya kusa ɓullewa, sai ta juya a kan kututturenta ta faɗi inda ba a nufa ba, ta danne shinge da amalanke, kuma Allah ne kaɗai ya tsare yaran da ke kallo. Yaya ake yanka ta yadda bishiya za ta bi inda ake so? Sannan a cikin kayan kariya, wanne ne ba a yi sai da shi, ganin kuɗina kaɗan ne ga kuma zafin da muke ciki?

Tsohon mai inji, Zuru:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi daidai da ka tambaya kafin ka tayar da inji. Kuskuren mutumin da ka gani shi ne ya yanke abin da ba a yankewa. Ba a raba bishiya da kututturenta gaba ɗaya. Ana barin wani siririn ɓangare a tsakiya ba a taɓa shi ba, kuma ni linzami nake ce masa, domin shi ke riƙe da ita yana jan ta zuwa inda aka nufa har ta kai ƙasa. Wanda ya yanke linzami ya saki doki a tsakiyar kasuwa.

Da farko ana buɗe baki a gefen da ake so ta faɗi: yanka ɗaya daga sama a karkace, ɗaya a kwance, su haɗu daidai a cire guntun da ke tsakaninsu. Zurfin bakin kamar kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na faɗin gindin ne, wato a taka bishiyar santimita 12 zuwa 15, kuma dole yankan biyu su haɗu a layi ɗaya, domin idan ɗaya ya zarce ɗan'uwansa ka riga ka ci linzamin ba ka sani ba. Daga nan sai a koma baya a yi yankan ƙarshe a kwance, sama kaɗan da gindin bakin, kamar yatsa biyu, a tsaya idan saura kashi ɗaya cikin goma na faɗin, wato santimita 6 a wajenka, kuma kaurinsa ya zama ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Da zarar harshen injin, wato dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kansa, ya shige sosai sai a buga weji, wato guntu mai siririn baki da kaurin baya, a cikin tsagar a bayansa, na roba ko na busasshen icce mai ƙarfi, kada na baƙin ƙarfe, saboda idan sarƙa ta taɓa shi haƙoranta sun tafi. Wejin ke hana bishiya zaunawa a kan injin ta matse shi, kuma shi ke ɗaga ta a hankali ta nufi bakin da aka buɗe.

Kafin duk wannan ka share hanyar gudu guda biyu ta baya, kowace a karkace, ba kai tsaye bayan bishiyar ba, domin gindi yakan yi tsalle ya dawo baya. Idan ta fara tafiya ka kashe inji ka bi hanyar, idonka na kanta da rassan sama. Kowa, mutum ko dabba, ya yi nesa da aƙalla ninki biyu na tsawonta. A wajenka kusan mita 30 ke nan, wato ɗakin mahaifiyarka da turken awakin duk sai an fitar da abin da ke cikinsu.

Amma gaskiyar da zan faɗa maka ita ce, wannan dogon yaron ba na koyo ba ne. Bishiyar da ta karkata wajen gini, kana so ka mayar da ita baya, tana bukatar igiya mai ƙarfi da aka ɗaura can sama, da masu ja da ke tsaye nesa, wani lokaci ma sai an rage rassan da suka yi nauyi ta gefen ɗakin tukuna. Kuma tsohon dogon yaro na cikin gida sau da yawa gara ta cinye cikinsa. Ka bubbuga gindin da bayan gatari: idan ka ji yana amsawa kamar ganga, babu lafiyayyen iccen da zai zama linzami, kuma duk lissafin da na ba ka ya rushe. Ka duba kogo kuma, kada a ce akwai zuma, domin ƙarar inji na tayar da su, kuma mutum ba ya gudu da inji a hannu cikin hankalinsa. Ka nemo wanda ya saba, ka tsaya kusa da shi ka ga hannunsa, kai kuma ka fara koyo da ƙananan bishiyoyi miƙaƙƙu a fili.

Malamin daji mai ritaya, Birnin Kebbi:

Na yarda da duk abin da dattijo ya faɗa, sai dai ina ganin abin da ya fi kusa da wannan matashi ba faɗuwar bishiya ba ne, injin da ke hannunsa ne. Sarƙa tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya, kuma idan saman tsinin harshen ya taɓa reshe ko wani abu mai tauri, injin yakan yi harbi ya taso sama wajen fuska da kafaɗa kafin mutum ya ƙifta ido. Saboda wannan aka yi birkin sarƙa, wato marfin da ke gaban hannun hagu, wanda ke tsayar da sarƙar nan take idan injin ya taso. Malam, ka gwada naka kafin kowane aiki, domin da yawa daga cikin manyan tsofaffin injunan da ake tsaga katako da su a ƙasar nan, irin su Stihl 070 da kwaikwayonsa, ba su da shi. Ka riƙe da hannu biyu, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙin, kada ka yi yanka sama da kafaɗarka, kada ka hau tsani ko reshe da inji, kuma ka tayar da shi a ƙasa ƙafarka ta dama na cikin mariƙin baya, ba a iska ba kamar yadda wasu ke yi don nuna gwaninta.

Game da kaya, ga yadda zan jera su idan kuɗi bai isa a saya lokaci ɗaya ba. Hular kwano ta masu aikin gini da tabarau na kariya suna da arha, kuma busasshen reshe ɗaya daga sama ya isa ya kashe mutum. Abin toshe kunne ma ba tsada, alhali ƙarar injin ta wuce desibel 100, kunne kuwa yana fara lalacewa daga 85 idan abin ya daɗe, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Sai takalmi sau-ciki mai ƙarfe a baki da safar hannu. Mai tsadar shi ne wandon kariya, wanda aka cusa wa dogayen zaruruwa a ciki: idan sarƙa ta taɓa shi sai ta jawo zaren ya cushe inda take juyawa, ta tsaya. A jikinsa za ka ga hoton inji da lamba. Aji na 1 an gwada shi a gudun mita 20 a daƙiƙa, na 2 a 24, na 3 a 28. Na san masu aiki da yawa za su ce ba a iya sa shi a zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40. Amsata ita ce akwai irin wanda ake ɗaurawa a kan wando ta gaba kawai, bayansa a buɗe, sannan a yi aikin daga bayan asuba zuwa hantsi a tashi. Abin da ba zan amince da shi ba ko kaɗan shi ne silifa, da kaftani mai faɗin hannu, da rawani ko ƙyalle mai lilo a wuya.

Sarƙa mai dakushi ita ma haɗari ce, domin tana sa mutum ya danna da ƙarfi har ya gaji. Idan ka ga injin na fitar da gari maimakon ɓarzajjen icce, ka tsaya ka wasa da magagari. Haɗin mai na injunan Stihl da Husqvarna kashi 50 ne na fetur da kashi 1 na man 2T mai kyau (man inji da ake gaurayawa da fetur), wato mililita 100 a lita 5, kuma kada ka zuba wa sarƙa baƙin man da aka juye daga mota. Ka kuma leƙa sashen gandun daji na ƙaramar hukumarku ka ji ƙa'idarsu kafin sara, kuma idan akwai wayar lantarki kusa, a sanar da ofishin Kaduna Electric su kashe layin tukuna.

Ma'aikaciyar jinya, Argungu:

Ƙanena, raunin injin zarto ba kamar na wuƙa ba ne, domin yaga nama yake yi ya cusa ɓarzajjen icce da mai a ciki, kuma yawanci a cinya ko gwiwa ko hannun hagu yake samun mutum. Kada ka taɓa yin aikin kai kaɗai, kuma a sami babur ko mota a kusa da waya mai caji. Idan tsautsayi ya faɗa, a danne wurin da tsaftataccen ƙyalle da ƙarfi ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba; idan jini na tsartuwa ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da raunin da ƙyalle mai faɗi a murɗa da sanda har ya tsaya, a riƙe lokacin da aka ɗaure, a nufi asibiti, kuma kada a kwance a hanya. Don Allah kada a zuba ƙasa ko toka ko fetur ko man birki a ciwo. Idan ka daɗe ba ka yi allurar tetanus ba, ka je ka yi tun yanzu.

Ɗan Yauri:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Da yamma na bubbuga gindin kamar yadda Baba na Zuru ya ce, gefen gabas yana da ƙarfi, amma gefen da ke kallon ɗakin yana amsawa, kuma na ga hanyar gara ta hau har kusan tsayin ƙirjina. Na karanta wa mahaifinmu amsoshinku, ya yarda a kira wanda ya saba. Injina yana da birki kuma yana kamawa. Ranar kasuwa zan sayi hula da tabarau da abin kunne, wandon kuma na ba da saƙo a duba mini a Sakkwato.

Tsohon mai inji, Zuru:

Madalla, ɗana. Tunda ruɓar tana gefen ɗakin, ka nuna wa wanda zai zo wurin tun kafin ku yi ciniki, kuma ka tambaye shi ta ina zai ɗaura igiya da kuma inda zai bar linzami. Idan ya ce shi ba ya bukatar igiya, ka sallame shi ka nemi wani. A yi aikin da sassafe lokacin da iska ke kwance, mahaifiyarka ta fitar da kayanta tun daren, a kuma sa babban mutum ɗaya a bakin hanya ya tsare yara har bishiyar ta kwanta a gama sassare rassan da suka danne.