Taƙaitawa: goge farin layin tsakiyar titi

Ga abin da na tattaro daga doguwar muhawarar da aka yi kan ko ya dace a goge farin layin da ke tsakiyar titi domin direbobi su rage gudu.

1. Mafi yawa sun yarda cewa idan aka goge layin tsakiya a titin cikin gari, direba yakan rage gudu, domin ya daina jin rabin titin nasa ne, sai ya riƙa lura da motar da ke tahowa da mai keken da ke gefensa. An kawo rahoton hukumar sufurin Landan na 2014, inda gudu ya ragu a titunan da aka cire wa layin.

2. Babu wanda ya goyi bayan yin haka a babbar hanya, musamman saboda tuƙin dare da hazo.

3. An rabu kan salon garin Drachten na Holan, inda aka cire alamomin hanya da fitilun ba da hannu a wasu mahaɗun tituna. Wasu sun yaba, wasu sun ce makafi ke shan wahala, kuma a ganina wannan damuwa tana da nauyi.

4. An tunatar cewa na'urar da ke riƙe sababbin motoci a layinsu da wannan fenti ta dogara.