Mai jego ba ta iya barci sai a zaune, ƙafafunta sun kumbura: ku ba ni shawara

Ɗan Argungu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min, kaina ya ɗaure. Maiɗakina ta haihu yau kwana 31, haihuwar fari ce, tana wankan gida wajen mahaifiyarta a nan cikin Argungu. Lafiya ƙalau aka yi suna. Kwana goma ke nan da ta fara tari, musamman da dare, sai kuma haki. Jiya bayan isha'i na tarar da ita jingine da bango, an jera mata filo uku a baya, wai haka take kwana yanzu, don in ta miƙe a katifa sai ta ji kamar an ɗora mata dutsen niƙa a ƙirji. Ko magana take yi sai ta yanke ta huta. Ƙafafun sun cika har silifas ba ya shiga. Na danna ƙaurinta da babban yatsa, wurin ya lotsa, ya daɗe bai ciko ba.

Mai kemis ya ba ta maganin tari da abin shaƙa na masu asma, shiru. Su Inna, wato surukata, kuma sun ce sanyi ne ya shige ta, jiki bai gasu ba, saboda haka an ƙara wa ruwan wanka zafi, an ƙara kanwa a kunu. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Me ya haɗa kumburin ƙafa da tari? Kuma da wane baki zan ce wa surukata a tsayar da wanka, saura kwana tara a yi arba'in?

Mai Shinkafa Suru:
Allah ya ba ta lafiya. A haɗa mata zuma da habbatussauda da tafarnuwa safe da yamma.

Anti Nas, Birnin Kebbi:
Mai Shinkafa, zuma ba ta da laifi, amma wannan ya wuce nan. Ɗan'uwa, a kai ta asibiti yau, kada a jira gobe. Ba na yanke hukunci ta waya, sai dai abin da ka zayyana ya yi kama da raunin zuciya na bayan haihuwa, kuma mun sha ganin sa.

Ka tambayi abin da ya haɗa ƙafa da tari. Tunda ɗan Argungu ne kai, ka san injin ban ruwa a fadama. To zuciya, duk da ba ta wuce girman dunƙulen hannun mai ita ba, inji biyu ne a haɗe, kowanne da ɗaki biyu, sama da ƙasa. Na dama shi ke karɓar jinin da ya gama zagaya jiki ya tura shi huhu. A cikin huhu akwai 'yan mitsi-mitsin jakunkunan iska, miliyoyi, bangonsu ya fi fatar albasa siranta, jijiyoyin jini sun nannaɗe su. A nan jini ke sauke gurɓatacciyar iska ya ɗauki oksijin. Daga huhu sai ya wuce injin hagu, mai kaurin nama, wanda ke harba shi ko'ina, tun daga ƙwaƙwalwa har yatsun ƙafa.

Yanzu ka ɗauka inji na farko yana ta zuba ruwa a gona, na biyun da zai kwashe shi kuma ya yi sanyi. Ina ruwan zai taru? A gonar da ke tsakaninsu. Wannan gonar ita ce huhu. Jini ya cunkushe a jijiyoyinsa, ruwa ya riƙa tsattsafowa cikin jakunkunan iskar nan, sai tari da haki. Tarin da ruwa ya kawo, maganin tari ba ya taɓa shi. In cunkoson ya kai ga injin dama, sai ruwa ya taru a baya, ya gangara ƙafafu, wani lokaci har ciki da hanta. Da rana tana zaune ruwan na ƙasa. Da ta kwanta sai ya komo ƙirji, shi ya sa jikinta da kansa ya koya mata kwanan zaune.

Kada ka manta kuma, babban mutum jininsa wajen lita 5 ne, mai ciki kuwa nata kan ƙaru da kusan rabi. Wata tara zuciyar nan tana jan kayan da ya fi nata. Kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, ruwan zafi kuma yana sa zuciya gudu. Jakin da ya durƙusa ake ƙara wa mangala.

Inna ta Jega:
Ɗiyata Nas, mu dai da wankan ga munka tashi. Haihuwa takwas na yi, kowace da ganyen darbejiya da tafasasshen ruwa safe da marece, ga ni garau. Amma gaskiya ɗaya ce. Ɗiyar ƙanwata haka ta yi, fuska ta cika, ƙafa ta cika, muna ta cewa jego ya karɓe ta. Ranar da anka kai ta asibiti a kwance anka kai ta. Allah ya yi da sauran kwana. Yaro, ka ɗauki matarka ka tafi, wanka ba ya gudu.

Anti Nas, Birnin Kebbi:
Inna, Allah ya ƙara girma. Ban ce wankan ne kaɗai ke kawo ciwon ba, ana samun sa har ga matan da ba su taɓa wankan jego ba. Amma tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawansa a ƙasar Hausa, suka kuma ja hankali kan kunun kanwa da gashin jiki. Wadda zuciyarta ke lafiya tana iya ɗauka. Wadda tata ta raunana, su ne ke ƙarasa ta.

Ɗalibin Likitanci, Sakkwato:
Ƙari kan bayanin Anti. Malam, ƙafa biyu ne suka kumbura ko ɗaya? In ɗaya ce, da zafi a sha-raɓa, ana tsoron gudan jini, wanda kan ɓalle ya bi ta injin dama ya je ya toshe jijiyar huhu, kuma masu jego suna cikin masu haɗarinsa sosai. Ƙarancin jini da hawan jini na bayan haihuwa su ma suna kawo haki. Duk cikinsu babu na zaman gida. Kafin ku fita ka duba agogo, ka ƙirga numfashinta na minti ɗaya. Na mai lafiya a zaune 12 zuwa 20 ne, bugun zuciya 60 zuwa 100. Ka faɗa wa likita abin da ka samu. A mota ma a zaune za ta tafi, kada a kwantar da ita. In ka ga kaki mai kumfa da jaja-jaja, ko leɓe ya yi duhu, kai tsaye sashen gaggawa.

Ɗan Argungu:
Biyun ne. Na je yanzu na ƙirga, numfashi 30 na samu. Wallahi jikina ya mutu. Saura maganar Inna surukata.

Kawu Yauri:
Kai kuma da kunyar surukuta! Ba kai za ka tunkare ta ba, kuma kada ka soma da cewa wankanta ne ya ja, nan za a ɓata. Ka sami mahaifin yarinyar a zaure, ko ka kira taka mahaifiyar ta yi mata magana, mace da mace. Abin da za a ce kawai: za a je a auna ta, Inna ta shirya ta raka su ta riƙe jariri. In likita ya hana kanwa a gabanta da bakinsa, kai ka fita.

Anti Nas, Birnin Kebbi:
30 ya yi yawa. Ku fara da babban asibitin Argungu a duba ta, in akwai buƙata za su tura ku Birnin Kebbi, ko asibitin Sir Yahaya ko asibitin tarayya. Za a auna hawan jini da yawan jini, a ɗauki hoton ƙirji, a yi mata eko, wato hoton da ke nuna yadda zuciya ke matsawa. Kada wani ya ce ku sayi maganin fitar da ruwa a kemis, aunawa ake yi. Ku tafi da katin awon cikinta da duk magungunan da ta sha.

Ɗan Argungu:
Salam. Ku yi haƙuri da shiruna na kwana biyu. Shawarar Kawu na bi, Baba da kansa ya nemo mota. An turo mu Birnin Kebbi, an ba ta gado, an sa mata oksijin. Eko ya nuna ɓangaren hagu ya buɗe, ba ya matsawa yadda ya kamata. Sun yi mata allura, ta yi ta fitsari har Inna ta gaji da zubar da fo. Likita ya hana kanwa da gishiri mai yawa, ya ce wanka da ruwa mai ɗumi kawai, magani kuma na watanni ne, kada a daina don an ga sauƙi, batun wani ciki kuwa sai an sake duba zuciyar tukuna. Daren jiya da filo biyu ta kwana. Anti Nas, Inna ce ta ce in tambaye ki, wai kunun gyaɗa fa, shi ma an hana?

Anti Nas, Birnin Kebbi:
Alhamdulillah. A gaida Inna, a ce mata ta dama, kada dai ta jefa kanwa. Amma ku tambayi nas ɗin ɗakin yawan ruwan da aka yarje mata a rana, don kunun ma a cikin lissafi yake.