Mai kaya ne alƙalin gasa? Muhawara kan VPN da masu yaba shi

Abban Khairat: Assalamu alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke cina. Lokacin da gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter ranar 5 ga Yunin 2021, wani mai mabiya da yawa da nake ganin girmansa ya ce mu sauke wani VPN, wato manhajar da ke zagayawa da mutum ya shiga shafin da aka toshe, ya rantse ya maya cewa babu kamarsa wajen aminci, har ya ajiye mana link. Na biya kuɗin shekara guda da dalar da na saya da tsada. Sai makon nan na ji daga bakin yaronsa cewa duk wanda ya biya ta link ɗin nan, ana yanka masa kasonsa. Bai taɓa faɗa mana ba. Da na tona sai na ga manyan ma haka suke. Kamfanin Kape Technologies ya sayi VPN har guda uku: CyberGhost a 2017, Private Internet Access a 2019, sannan ExpressVPN a 2021 kan dala miliyan 936. A shekarar 2021 ɗin dai ya sayi kamfanin da ya mallaki vpnMentor da Wizcase, shafukan da ke jera mana wane VPN ya fi wane. Mai kaya shi ne alƙalin gasa. Wallahi wannan cin amana ne.

Malam na Gwammaja: Wa alaikumus salam. Abban Khairat, a yi hattara da harshe. Cin amana babbar kalma ce, alamar munafunci ce a hadisi. Me ka ba shi ajiya ya ci? Wannan dillanci ne, kuma la'ada halal ce.

Abban Khairat: Allah ya gafarta Malam, yardata na ba shi.

Malam na Gwammaja: Yarda daban, amana daban. In ka je kasuwar Wambai dillali ya kai ka rumfar da ake sallamarsa, za ka ce ya ci amanarka?

Maman Sadik: Malam, da girmanka, dillalin kasuwa kowa ya san dillali ne. Wannan kuwa rigar mai nasiha ya sanya. In ba cin amana ba ne to ha'inci ne, kuma an ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu.

Malam na Gwammaja: Madalla, kin ga har kin sauko daga cin amana zuwa ha'inci. Abin da nake faɗa ke nan, Hajiya. Kuma shi ha'incin sai an ɓoye aibin kaya. VPN ɗin ya buɗe masa Twitter ko bai buɗe ba?

Injiniya Ɗanliti: Don Allah a bar fassarar kalma a dubi abin da mutumin nan ya kawo. Da yawa sun ɗauka VPN ɓoye su yake yi daga kowa. Ba haka ba ne. Kafin ka kunna shi, kamfanin layinka ne ke ganin shafukan da kake shiga. Da ka kunna, mai VPN ɗin ne ke gani. Mai leƙen kawai ka canza. Shi ya sa sanin mamallaki yake da muhimmanci. Facebook ya sayi Onavo, wani mai VPN, a 2013, ana raba shi kyauta da sunan kariya, alhali ta nan kamfanin ke gane manhajojin da mutane suka fi amfani da su. An cire shi daga rumbun Apple a 2018, aka rufe shi a 2019. Ga wani VPN ɗin kuma, Hola, wanda a 2015 aka gano yana sayar wa wasu da intanet ɗin masu amfani da shi a kyauta.

Sarkin Data: Injiniya ka gama? Kai ma ba kwas kake sayarwa a nan gidan ba? Duk mai cewa a ji tsoro, akwai abin da yake son a saya a hannunsa.

Injiniya Ɗanliti: Ina sayarwa, kuma na rubuta farashi ɓaro-ɓaro. Ka nuna min inda na ɓoye.

Sarkin Data: Ni dai na kyauta nake amfani da shi shekara huɗu, ko sisi ba a taɓa ɗaukar min ba. Wa zai ɓata lokacinsa yana leƙen wayar talaka?

Baba Audu Mai Shayi: Ni tambayata, wa ya aike ku tun farko? Hukuma ta ce an rufe, Ministan Shari'a na lokacin, Malami, ya ce za a gurfanar da masu karya umarnin, kuka bi ta katanga. Wanda ya haura katanga ya faɗi, kada ya yi kuka da mai tsani.

Maman Sadik: Haba Baba! Kwana 222 aka rufe wa mutane baki da kasuwa. Ni a can nake tallar turaren wuta. Da me zan ciyar da yara?

Baba Audu Mai Shayi: Masu Twitter ɗin ne suka fara goge saƙon shugaban ƙasa na lokacin, Buhari. Ƙasa ba ta da mutunci ne?

Ɗan Gusau: Ku kuna ta Twitter. Mu a Zamfara a Satumbar 2021 layin waya gaba ɗaya aka yanke. Babu VPN ɗin da ya yi mana rana, sai mutum ya yi tafiya zuwa wata jiha kafin ya kira ɗan'uwansa. A lokacin wa ya yi magana a cikinku?

Sarkin Data: Kada ka kawo mana ɓangaranci, Ɗan Gusau.

Ɗan Gusau: Ɓangaranci? Ka janye kalmar nan, Sarkin Data.

Abban Khairat: Jama'a, maganar Kape fa? Babu wanda ya ce komai a kan shafukan da kamfanin ya saya.

Malam na Gwammaja: Ka fara janye cin amana tukuna, sai mu zo kan sauran.

Abban Khairat: Ba zan janye ba, Malam. Abin da na ji a raina ke nan.

Hajiya Admin: To ya isa haka, dare ya yi. Abin da na fahimta shi ne, yawancin 'yan gida sun yarda da Malam cewa karɓar kamasho ba laifi ba ne, kuma ba daidai ba ne a riƙa jifan masu neman halal ɗinsu a intanet da munanan kalmomi. Da yawanmu a nan da tallar kayan wasu muke rufa wa kanmu asiri, ni ma a ciki. Abban Khairat VPN ɗinsa ya yi aiki, bai yi asarar komai ba, muna roƙonsa ya yi haƙuri ya sassauta harshe. Bayanin Injiniya ya yi tsawo, mai buƙata ya bi shi ta akwatin sirri. Sarkin Data da Ɗan Gusau ku same ni gobe da safe. Na kulle gidan sai bayan sallar asuba.