Wane makirufo ya dace da ɗaukar murya a ɗaki?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina so in fara ɗaukar waƙoƙina a ɗakina, kwamfuta kaɗai gare ni. Na rasa wanda zan ɗauka tsakanin Audio-Technica AT2020 da Shure SM58. A taimaka da shawara.

Mai Situdiyo: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin maganar makirufo, yaya ɗakin yake? Tsaya a tsakiya ka tafa hannu, ka ji ko sautin yana dawo maka.

Sabon Shiga: Yana dawowa sosai, Yaya. Ƙasan tayil ne, ga fanka, ga ƙarar motoci ta taga.

Mai Situdiyo: To SM58 ɗin ne naka. AT2020 irin makirufon da ake kira kondensa ne, kunnensa kaifi gare shi. Zai kwaso laushin muryarka har da numfashi, haka kuma zai kwaso fankar nan da amsa-kuwwar bango, kuma in suka shiga cikin murya, raba su aiki ne ja. SM58 irin da ake kira dainamik ne, ba ya jin na nesa sosai, sai ka matso da baki dab da shi muryarka ta danne hayaniyar. Tun 1966 ake ƙera shi, har yau mawaƙa ba su ajiye shi ba, ga juriyar faɗuwa.

Anti Mai Waƙe: Gaskiya ne Malam, amma kada a raina kondensa. Muryata siririya ce, da Rode NT1 nake aiki, kuma shi ke fito min da ita tas. Barguna masu kauri nake ratayewa a bayana da gefena, in kashe fanka. Mai murya mai sanyi ya gyara ɗaki kawai, zai ji bambanci.

Injiniya: Abin da ba a faɗa masa ba: AT2020 da SM58 duka biyun kebul ɗin XLR gare su, wato mai baki uku, ba sa shiga kwamfuta kai tsaye. Sai ka haɗa da intafes, wato ɗan akwatin da ke haɗa makirufo da kwamfuta, irin su Focusrite Scarlett Solo. Kondensa ma ba ya tashi sai an danna masa maɓallin wutar bolt 48 da ke jikin intafes ɗin. In ba ka shirya wannan ba tukuna, duba Samson Q2U. Dainamik ne, yana da USB yana da XLR, ka fara da shi yau, gobe in intafes ya samu ka ci gaba da shi.

Sabon Shiga: Shure SM7B fa? Ina yawan ganinsa a bidiyo.

Injiniya: Mai kyau ne, sai dai sautinsa ƙasa-ƙasa yake fita, yana son ƙarin ƙarfi wajen desibel 60. Ƙaramin intafes in ka murɗa shi har ƙarshe, shuu za ka riƙa ji. Bar shi zuwa gaba.

Anti Mai Waƙe: Kowanne ka saya, ɗana, sa masa ragar tare iska a gaba, saboda haruffa irin su "b" da "f" suna bugun makirufo. A kondensa ka bar tazarar kamar santimita 15, in ka matso da yawa murya kauri take yi.

Mai Situdiyo: Ka juya bayan makirufon ya kalli tagar, ta bayansa ne ya fi rashin ji. In ka ɗauki baiti ɗaya, turo mana nan ba tare da kiɗa ba mu saurara.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Q2U ɗin zan fara gwadawa, zan turo in sha Allahu.