Neman shawara: gida mai lambu a Buruklin, amma ƙasan ya hana ni barci

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Amurka. Ni da maiɗakina mun ga wani sashen gida na sayarwa a unguwar Park Slope da ke Buruklin a birnin New York, cikin tsofaffin gidajen nan na jan dutse da aka gina tun ƙarni na 19. Hawa biyu ne, da ɗan lambu a baya. Ita har ta fara lissafin inda za ta shuka yakuwa.

Matsalar tana hawan ƙasa. Dillali ya ce ɗakin kwana ne, amma fiye da rabin tsayinsa yana ƙasa da matakin titi, kuma dokar birnin ba ta yarda a kwana a irinsa ba. Na taɓa bangon, sanyi ƙalau, fenti ya kumbura, ga warin danshi. Na tuna yadda ambaliyar da guguwar Ida ta kawo a 2021 ta kashe mutane a irin waɗannan ɗakunan.

Kuma unguwar tarihi ce, ko tagar gaba ba a canza ta sai da izinin hukumar adana gine-gine.

Wanda ya taɓa saya, don Allah: in nemi ragi ne, ko in haƙura? Lambun kuma, wace takarda ce za ta nuna namu ne mu kaɗai?